Yaƙin Faransa da Furushiya na 1870: a ina ne Faransa za ta iya kauce wa faɗuwa?

Bazazzagi:

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da warhaka. Tambayata a kan yaƙin da aka gwabza ne tsakanin Faransa da Furushiya, babbar masarautar arewacin Jamus, daga Yulin 1870 zuwa farkon 1871. Yadda ya ƙare sananne ne. Faransa ce ta yi shelar yaƙi ranar 19 ga Yuli, amma ko mako bakwai ba a cika ba Sarki Napoleon na Uku ya miƙa wuya a Sedan ranar 2 ga Satumba, sojojinsa sama da 100,000 suka zama fursunoni. Metz ta bi baya ranar 27 ga Oktoba da mutum kimanin 173,000, Paris kuma ta saduda ranar 28 ga Janairun 1871. Kwana goma kafin nan an riga an naɗa sarkin Furushiya, Wilhelm na Ɗaya, sarkin sabuwar daular Jamus a fadar Versailles. Yarjejeniyar Frankfurt ta 10 ga Mayu ta yanke wa Faransa yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, aka ɗora mata diyyar faran biliyan 5.

Masu sha'awar tarihin yaƙin sun fi nuna ranar 16 ga Agusta, ranar gumurzun Mars-la-Tour, su ce a ranar ce Mashal Bazaine, jagoran babbar rundunar Faransa da ke Metz, ya riƙe nasara a tafin hannunsa ya sake ta. Haka ne? Da ya danna a ranar, me ya kamata ya yi, da wace runduna, ta wace hanya, a wane lokaci? Kuma da ya ci, yaƙin zai juya ne gaba ɗaya ko kuwa faɗuwar ce kawai za ta jinkirta? Ina roƙon amsa mai hujja: hanyoyi, yawan mutane, guzuri, igwogi. In akwai wata ranar da ta fi wannan muhimmanci, a nuna mana ita.

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam, Malam Bazazzagi. Ba za a gane ranar nan ba sai an san shimfiɗar ƙasar. Daga Metz hanya tana hawa tudu ta nufi yamma har ƙauyen Gravelotte, a nan ta rabu biyu. Ta kudu ta ratsa Rezonville da Vionville da Mars-la-Tour ta miƙe Verdun. Ta arewa ta bi Doncourt da Conflans da Étain. Akwai ta uku can gaba a arewa, ta Briey. Tsakanin Metz da Verdun kilomita 60 da 'yan kai ne, wato tafiyar kwana uku ga runduna mai jan kaya. Kudu da hanyar Rezonville kuwa ƙasar tana gangarawa cikin kwazazzabai masu duhun itatuwa zuwa garin Gorze, daga nan sai kogin Moselle.

Ɓarna ta fara tun kafin ranar. Bazaine ya karɓi jagoranci ranar 12 ga Agusta da umarnin ya ja da baya zuwa Verdun. Ranar 14 ya tsaya ya yi faɗa a Borny, gabas da Metz, ya yi asarar yini guda. Ranar 15 aka cusa yawancin sojoji da kekunan kaya dubbai a kan hanya ɗaya tak daga Metz zuwa Gravelotte, aka yi cunkoson da ya sa rundunoni biyu suka makara. Mafi muni, ba a karya gadojin Moselle na kudu da Metz ba, irin na Pont-à-Mousson da Novéant, Jamusawa suka same su a tsaye suka haye salin alin. Da asubahin 16 Napoleon ya kama hanyar arewa ya tafi, Bazaine kuma ya ɗage tashin da aka shirya da asuba zuwa bayan azahar don ya jira waɗanda suka makara.

Wajen ƙarfe tara na safe igwogin barade na Furushiya suka buɗe wuta a kan sansanin mahayan Faransa kusa da Vionville, ana tsakar shayar da dawaki da girkin safe. A bayansu Janar Alvensleben ya hauro daga Gorze da runduna ta uku, mutum kimanin 30,000, yana zaton 'yan gadin baya ne ya tarar. Ashe gaba ɗayan babbar rundunar Faransa ce a gabansa, ta ninka shi wajen sau huɗu. Da ya gane haka sai ya ci gaba da kai farmaki don ya ɓoye ƙarancinsa, ya ƙwace Vionville da Flavigny kafin azahar. Zuwa ƙarfe ɗaya ba shi da sauran dakaru a ajiye. Shi ya sa wajen ƙarfe biyu ya tura birged ɗin dawaki na Bredow, mahaya kimanin 800, suka auka wa igwogin Mashal Canrobert na Faransa. Kusan rabinsu ba su dawo ba, amma sun saya masa sa'a guda.

To ga abin da ya kamata Bazaine ya yi. Rauni na Alvensleben yana hannunsa na hagu, wajen kurmin Tronville, inda babu kowa a bayansa. Sojojin fada na Bourbaki da ragowar rundunar Frossard sun isa su tsare Rezonville da bakin kwazazzaban Gorze. Sauran ukun, wato ta Canrobert da ta Lebœuf da ta Ladmirault, sai a ba su umarni ɗaya a rubuce: su juyo tare daga arewa zuwa kudu, su ƙetare hanyar Verdun tsakanin Vionville da Mars-la-Tour, su tura Jamusawa cikin kwazazzaban da suka fito. Hanyoyin can ƙunci gare su, igwa ba ta iya juyawa a cikinsu, ga kogi a baya. Lokacin yin haka shi ne tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, kafin rukuni na 20 na runduna ta goma ya iso bayan doguwar tafiya cikin zafin rana.

Ƙofa ta sake buɗewa wajen ƙarfe biyar. Birged na 38 na Wedell ya kai farmaki arewa da Mars-la-Tour, ya gangara wani kwari ya hau ɗaya gefen, sai ya yi kiciɓis da rukunoni biyu na Ladmirault a jere. Cikin 'yan mintoci ya rasa fiye da rabin mutanensa. A wannan sa'ar babu wani abin kirki tsakanin Ladmirault da bayan Jamusawa. Amma ya tsaya jiran rukuninsa na uku da bai iso ba, kuma babu umarni daga sama.

Dalilin rashin umarnin shi ne hankalin Bazaine duk yana hagu. Tsoronsa kada a raba shi da Metz, don haka duk ƙarin sojan da ya samu sai ya jibge shi wajen Rezonville da Gravelotte, inda babu wata babbar barazana. Shi da kansa ya shagala da jera igwogi a bakin daga har mahayan abokan gaba suka kusa kama shi, ya rabu da hafsoshinsa na wani lokaci. Shugaban hafsoshinsa Jarras kuwa ba ya ma shawara da shi. Kowane ɓangare ya yi asarar mutum wajen 15,000, da dare Bazaine ya ba da umarnin komawa wajen Metz, yana kafa hujja da ƙarancin harsashi da abinci, har aka ƙone kayan da ba a iya ɗauka ba a Gravelotte. A ganina da ya yi wancan juyin, da ya ragargaza rundunonin Furushiya biyu, hanyar Verdun kuma ta buɗe masa.

Ba'adare:

Allah ya ƙara sani, Malam Mai Taswira. Ban ja da kai ba a kan abin da za a iya yi a ranar. Inda na tsaya shi ne washegari. A ranar 16 ɗin, sojojin fadar Furushiya da runduna ta sha biyu ta Saksoni da ta huɗu duk sun riga sun haye Moselle suna nufin kogin Meuse, domin jagoransu Yarima Friedrich Karl ya zaci Faransawa sun yi nisa. Wato da Bazaine ya kama hanyar Verdun ranar 17, zai yi tafiyar kwana uku ne da dogon ayari, gefensa na hagu a buɗe, ga rundunoni uku da ba su taɓa wuta ba suna tafe kusa da shi. Kwana biyu kacal bayan Mars-la-Tour Moltke, shugaban hafsoshin sojan Furushiya, ya iya tara mutum kimanin 188,000 da igwa fiye da 700 a Gravelotte, Bazaine na da kimanin 113,000. Cire rundunoni biyu daga lissafin, har yanzu Moltke ne ke da rinjaye.

Wannan rinjaye tun daga gida aka fito da shi. Moltke ya kai mutum kimanin 380,000 bakin iyaka cikin kwana 18, saboda kowace runduna tana da yankinta: sojan ajiya yana zuwa barikin da ke kusa da gidansu, ya karɓi kaya, a cika bataliya, sannan a hau jirgi bisa jadawalin da aka tsara tun lokacin zaman lafiya. Faransa kuwa ta haɗa aiki biyu lokaci guda. Ana tura bataliyoyi bakin iyaka ba a cika su ba, sojan ajiya kuma sai ya je rumbun kayan bataliyarsa ko da yana wani gefen ƙasar. Akwai waɗanda ke zaune a arewacin Faransa aka ce su je Oran ta Aljeriya su karɓi kaya, sannan su dawo Alsace. Tashar Metz ta cika da taragun da babu mai sauke su, babu takardar abin da ke ciki. Da Napoleon ya isa Metz ranar 28 ga Yuli, mutum 200,000 da kaɗan ya tarar.

Sai makamai. Bindigar Chassepot ta Faransa tana kaiwa mita 1,200 da kyau, ta Dreyse mai allura ta Furushiya kuwa ba ta wuce rabin haka. Shi ya sa sojojin fadar Furushiya suka zubar da mutum wajen 8,000 cikin ƙasa da rabin sa'a a gangaren Saint-Privat ranar 18. Amma igwa ce ta raba gardama. Igwogin Krupp na ƙarfe ne, ta gindi ake ɗura su, harsashinsu yana fashewa da zarar ya taɓa ƙasa. Na Faransa tagulla ne, ta baki ake ɗura su kamar harba-ka-ruga ta maharba, lagwanin harsashinsu kuma an saita shi ya fashe a tazara biyu kacal, in abokin gaba na tsakanin tazarar biyun sai harsashi ya nutse a ƙasa ko ya fashe a banza. Bindigar nan mai baki 25 da suke kira mitrailleuse an ɓoye sirrinta har masu harba ta ba su saba da ita ba, aka jera ta tare da igwogi a fili, Krupp ya riƙa tsince ta daga nesa. Jamusawa sun koyi darasi da wuri: a tsayar da dakaru nesa da Chassepot, a tara igwa ɗari a wuri ɗaya. Ko wane fage Bazaine ya zaɓa tsakanin Metz da Verdun, wannan lissafin zai bi shi.

Ni ranar da nake nunawa ita ce tsakanin 17 da 27 ga Agusta, kuma ba a Metz ba, a Châlons. A can Mashal MacMahon ya tara mutum kimanin 120,000: ragowar waɗanda aka kora daga Wörth ranar 6 ga wata, da sabbin ɗauka, da sojojin ruwa da aka tanada don sauka a gaɓar Jamus aka fasa. A zaman shawara na ranar 17 an amince rundunar ta koma Paris. Sarauniya Eugénie, matar Napoleon, da shugaban gwamnati Palikao suka ƙi, suna ganin in sarki ya dawo a matsayin wanda aka kora, ya bar Bazaine a baya, juyin juya hali zai tashi. Sai ga saƙon Bazaine na ranar 19 ya iso ranar 22, yana cewa yana da niyyar fita ta Montmédy. MacMahon ya bar Reims ranar 23 ya nufi arewa maso gabas, ya karkata Rethel neman abinci a bakin layin dogo, ya ɓata kwanaki. Moltke ya samu labarin tafiyar har daga jaridun Paris, ya juya manyan rundunoni biyu arewa ranar 26. Ranar 27 MacMahon ya gane tarkon, ya yanke shawarar komawa Mézières, waya ta zo daga Palikao ta hana shi. Ƙarshenta Beaumont ranar 30, Sedan ranar 1 ga Satumba.

Da rundunar nan ta koma Paris fa? Birnin yana da ganuwa mai tsawon kilomita 33 da manyan sansanonin tsaro 16 a kewaye. Jamusawa sun fara yi masa ƙawanya ranar 19 ga Satumba da mutum kimanin 150,000 a kan da'irar da ta kai kilomita 80, siririn zobe ke nan. Ya yiwu ne kawai domin a cikin birnin ƙwararrun sojoji rundunoni biyu ne, sauran masu gadin gari ne da ba su da horo. A ƙara musu mutum 120,000 tare da hafsoshinsu da igwoginsu, wanda ke iya fita ta kowace ƙofa ya faɗa wa yanki ɗaya na zoben, ƙawanyar ba ta ɗauruwa. Ga kuma wasu Jamusawa sama da 150,000 a daskare kewaye da Metz. Layin dogon da zai ciyar da su ya toshe a Toul har 23 ga Satumba, sai da suka shimfiɗa sabon layi daga Rémilly zuwa Pont-à-Mousson don su kewaye Metz, ramin jirgi na Nanteuil kuma an rusa shi. Wannan ba zai ba Faransa nasara ba, amma zai hana Moltke gama yaƙin kafin hunturu.

'Yar Damagaram:

Malamai, sannunku da ƙoƙari. Ina so a duba waje da fagen fama, domin masu wannan hasashe sukan ce da Faransa ta ci faɗa ɗaya babba da Ostiriya da Italiya sun shigo mata, jihohin kudancin Jamus kuma sun janye. Wannan zance yana da rauni a kowace gaɓa.

Ostiriya na da haushin kayen da Furushiya ta yi mata a 1866, kuma an yi ta kai da komo: Yarima Albrecht na Ostiriya ya je Paris a farkon 1870, Janar Lebrun na Faransa ya je Vienna a watan Yuni. Amma ba a sa hannu a komai ba, kuma Ostiriya ta faɗa a fili cewa tana buƙatar mako shida kafin ta shirya. Majalisar sarki ta zauna ranar 18 ga Yuli ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu. Andrássy, shugaban gwamnatin Hungari, ba ya son ƙasar ta sake tsoma baki cikin harkar Jamus. Uwa uba Rasha: Sarki Alexander na Biyu ɗan 'yar'uwar Wilhelm ne, kuma ya ba kawun nasa tabbacin zai jibge sojoji a iyakar Galishiya in Ostiriya ta motsa. Ladansa ya karɓa a ƙarshen Oktoba, lokacin da ya yi watsi da sharaɗin 1856 da ya hana shi jiragen yaƙi a Baƙin Teku. Saboda haka nasarar Faransa a Mars-la-Tour ko dai ta bar Ostiriya a zaune, ko ta jawo yaƙin da Rasha ke ciki a ɓangaren Furushiya.

Italiya farashinta ɗaya ne, birnin Rum, wanda sojojin Faransa ke gadi don Paparoma. Napoleon bai iya bayarwa ba saboda Katolikan ƙasarsa. Da aka janye sojojin a watan Agusta, Italiya ta shiga Rum ranar 20 ga Satumba ba tare da ta biya kowa komai ba. Birtaniya kuwa Bismarck, shugaban gwamnatin Furushiya, ya riga ya ɓata Faransa a idonta, da ya sa jaridar Times ta buga daftarin da jakadan Faransa Benedetti ya rubuta da hannunsa a kan haɗiye Beljiyam, ranar 25 ga Yuli. Da Faransa ta yi ƙarfi har ta nemi gaɓar kogin Rhine, Landan ce za ta fara tsaya mata a gaba.

Jihohin kudu nan ne hasashen ke da ɗan ƙarfi. Bavariya da Württemberg da Baden sun ƙulla yarjejeniyar tsaro da Furushiya tun Agustan 1866, amma a Bavariya masu adawa da Berlin suna da rinjaye a majalisa. An amince da kuɗin yaƙi da ƙuri'a 101 da 47. Ko bayan duk nasarorin, shiga daular ta wuce ne da 102 da 48 a Janairun 1871, da ƙyar aka cika kashi biyu bisa uku da doka ta nema, sarkin Bavariya Ludwig na Biyu kuma sai da aka ba shi kuɗi a asirce kafin ya sa hannu a wasiƙar miƙa wa Wilhelm rawani. To da yaƙin ya ja ba tare da Sedan ba, ina ganin Bavariya za ta iya ƙin shiga, ko ta shiga da sharuɗɗan da suka fi sassauci. Amma tarayyar arewacin Jamus tana nan daram tun 1867, da majalisarta da sojojinta, ga haɗin kwastan da ya ɗaure kudu da arewa. Abin da Faransa za ta iya shi ne jinkirta haɗewar da canza siffarta. Wargaza ta ya wuce ƙarfinta tun bayan 1866.

Bazazzagi:

Allah ya saka da alheri. Malam Ba'adare, hujjar Châlons ta shige ni. Amma a ce an riga an yi Sedan kamar yadda ta faru. Jamhuriyar da aka kafa ranar 4 ga Satumba ta yi wata biyar tana faɗa. Akwai wata dama da ta rage a wannan zangon, ko kuwa asarar rayuka ce kawai? Kuma Malama, mene ne mafi kyawun sulhun da Faransa za ta iya samu?

Mai Taswira:

Akwai dama ɗaya, kuma ta sake komawa kan Bazaine. A jera ranakun. Gambetta, minista a sabuwar gwamnatin jamhuriya, ya fita daga Paris cikin balan-balan ranar 7 ga Oktoba, ya isa Tours ya shiga tara sabbin sojoji a kogin Loire. Ranar 9 ga Nuwamba Janar d'Aurelle da mutum kimanin 70,000 ya kori Bavariyawa kimanin 20,000 a Coulmiers, ya karɓe Orléans. Daga nan zuwa Paris kilomita 120 ne, kuma a ranar Moltke ba shi da babbar runduna a tsakani. Wadda ta zo ta toshe gurbin ita ce ta Friedrich Karl, wadda faɗuwar Metz ranar 27 ga Oktoba ta kwance wa ƙafa. Ta taso a farkon Nuwamba, ta iso yankin Loire daga tsakiyar watan zuwa ƙarshensa, ta tare Faransawa a Beaune-la-Rolande ranar 28, aka sake doke su a Loigny ranar 2 ga Disamba. Wata rundunar daga Metz ta nufi arewa ta ci Amiens ranar 27 ga Nuwamba.

Ke nan da Metz ta ƙara mako biyu ko uku, da d'Aurelle ya samu fili. Zai yiwu? Abincin garin an tanade shi ne don mazauna da masu gadi, ba don ƙarin baki 150,000 ba. An cinye dawakan igwa da na barade, gishiri ya yi ƙaranci, ruwan sama ya mai da sansani taɓo, ciwon ciki ya bazu. Amma ba a tsananta rabon abinci da wuri ba, ba a kwashe hatsin ƙauyukan da ke kusa tun makonnin farko ba, fitar Noisseville ta 31 ga Agusta kuma an yi ta da sanyin jiki, aka ɓata sa'o'i kafin a fara har Jamusawa suka taru. Daga Satumba Bazaine ya koma cinikin siyasa da Bismarck, ya tura Bourbaki wurin sarauniya a Ingila, ya tura Janar Boyer Versailles, yana fatan a bar masa rundunarsa ya maido da doka a ƙasa. Abin da kotun soja ta yanke masa hukunci a kai ke nan a 1873.

Sai dai a san iyakar damar. Sojojin Loire sabbin ɗauka ne, bindigoginsu iri-iri ne da aka sayo daga waje, kowace da nata harsashi, ƙwararrun hafsoshi kuma suna sansanonin fursuna a Jamus. D'Aurelle da kansa ya ƙi matsawa bayan Coulmiers, ya tsaya haƙa ramuka a Orléans. Sadarwa da Paris kuwa balan-balan ce ke fita, tattabara ke komawa, don haka haɗa lokaci ya yi wuya. Fitar Janar Ducrot daga Paris ta wajen Champigny an ɗage ta da yini guda zuwa 30 ga Nuwamba domin kogin Marne ya cika ya hana kafa gadojin kwale-kwale, saƙon kuma ya makara domin balan-balan ɗin da ke ɗauke da shi iska ta kai shi Norwe.

'Yar Damagaram:

Malam Bazazzagi, a duba abin da aka yi ciniki a kansa da gaske. A ganawar Ferrières ta 19 da 20 ga Satumba, ministan harkokin wajen Faransa Jules Favre ya zo da matsayin cewa ba za a ba da ko taƙi ɗaya na ƙasa ba, Bismarck kuma ya nace a kan Strasbourg da Alsace. Wannan bai taɓa sassautawa a kai ba, domin daga nan ne ake iya kai wa kudancin Jamus hari, kuma Strasbourg ta faɗi tun 28 ga Satumba. Metz ce yake ɗari-ɗari da ita, saboda mutanenta Faransanci suke yi, hafsoshin soja ne suka matsa a riƙe ta. A Fabrairun 1871, sabon shugaban gwamnatin Faransa Thiers da babu sauran runduna a bayansa ya iya rage diyya daga biliyan 6 zuwa 5, ya kuma tsirar da Belfort, a madadin barin Jamusawa su yi fareti a Paris ranar 1 ga Maris. Wanda ya samu wannan hannu wofi, da yana da rundunar MacMahon a raye ko ƙawanyar Paris ta karye, ina ganin zai tsira da Metz da Lorraine mai jin Faransanci, diyya kuma ta ragu sosai. Alsace dai ta tafi ko ta yaya.

Ɗan Garwa:

Malamai, a ba ni dama in ƙara gefen da ya taɓo ƙasashenmu, don akwai shi. A watan Yulin 1870 ɗin da yaƙin ya ɓarke, Bajamushe matafiyi Gustav Nachtigal ya isa Kukawa da kyautar Sarki Wilhelm zuwa ga Shehu Umar na Borno. A lokacin manzon sarkin Furushiya ne kawai. Bayan shekara 14 shi ne ya kafa tutar daular Jamus a Togo da Duwala, a Yulin 1884, ya riga ƙaramin jakadan Birtaniya Hewett da 'yan kwanaki. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe taron Berlin a ƙarƙashin Bismarck.

In aka bi hasashen Malama, cewa haɗewar Jamus ta jinkirta, Bismarck yana fama da Bavariya da Faransa mai sauran ƙarfi, da wuya ya samu sukunin neman ƙasa a Afirka a 1884. 'Yan kasuwar Hamburg irin kamfanin Woermann suna gaɓar Kamaru tun 1868 kuma za su ci gaba da cinikinsu, amma sarakunan Duwala sun riga sun rubuta wa Landan suna neman kariya, don haka Birtaniya ce ta fi kusa da gaɓar. Haka kuma Bismarck ne ya riƙa ƙarfafa wa Faransa gwiwa ta nemi ƙasashe a waje, kamar Tunisiya a 1881, don ta rage kallon Alsace da Lorraine.

Inda abin zai fi bayyana shi ne Fombina, wato masarautar Adamawa. Yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1893 ce ta bar garin Yola a hannun Ingilishi, ta ba Jamus mafi yawan ƙasar Lamiɗo, har da Garwa da Marwa da Ngaundare. Shi ya sa Lamiɗo Zubairu ya yi faɗa da Turawa iri biyu: Ingilishi suka ci Yola a Satumban 1901, Jamusawa suka karya shi a Garwa a Nuwamba, sannan a Marwa a Janairun 1902. Ban ce da babu Jamus da Adamawa ta tsira ba. Bafaranshe Mizon ya zo Yola a 1891 ya sake dawowa a 1893 yana neman yarjejeniya, kamfanin Neja na Ingilishi kuma yana kan Binuwai. Rabon zai kasance ne tsakanin waɗannan biyun, kuma wanda ya riƙe Duwala da Binuwai a lokaci guda shi ne zai fi samun damar ɗaukar Yola da Garwa a ƙarƙashin tuta ɗaya.